Salon Harafi da Abin da Yake Faɗa: Tambayoyi da Amsoshi ga Masu Tsara Zane da Masu Kai Aiki Maɗaba'a a Jos

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu koyon tsara zane a kwamfuta, da masu shaguna, da sakatarorin makarantu da majami'u da ƙungiyoyi, wato duk mai kai aiki maɗaba'a a Jos da Bukuru. An fara da na share fage, sannan aka gangara cikin aikin kansa.

Ba kalmomi ne ke ɗauke da saƙo ba? Ina ruwan salon harafi?

Ido yana ganin siffa kafin ya karanta kalma. Wanda ya hango allo daga cikin Keke a titin Bauchi ya riga ya raya a ransa cewa asibiti ne, ko shagon kitso, ko makarantar yara, tun bai haɗa baƙi da wasali ba. Kaurin harafin, tsayinsa, a miƙe yake ko a karkace, gefensa a zagaye ko da kusurwa, su suka ba shi wannan labari. Salon harafi tufafin magana ne: mutum ɗaya ne, amma shigar da zai yi zuwa ɗaurin aure ba ita zai yi zuwa filin ƙwallo ba, kuma da shigar ake fara auna shi.

An taɓa gwada wannan. A 2012 jaridar New York Times ta buga wani gwaji na mai shirya fina-finai Errol Morris, inda aka nuna wa masu karatu magana guda cikin salon harafi shida, aka tambaye su ko sun gaskata ta. Waɗanda suka gan ta da Baskerville sun ɗan fi gaskatawa, Comic Sans kuwa yana can ƙasa. Tazarar ƙanƙanuwa ce, don haka kada a ɗauka harafi zai mai da ƙarya gaskiya. Abin da yake yi shi ne ya buɗe wa magana ƙofa ko ya sa a karɓe ta da shakka.

Kashi nawa haruffan suka kasu, kuma wanne ya dace da me?

Don aikin yau da kullum, kashi huɗu sun isa. Na farko masu ƙafa, waɗanda ke da 'yan ƙananan ƙafafu a ƙarshen kowane zane. Times New Roman yana cikinsu, wanda aka zana wa jaridar The Times ta Landan a 1932, da Garamond mai asali daga Faransa ta ƙarni na 16, da Georgia. Saboda a littafi da jarida da takardar kotu aka saba ganin su, suna nuna dattako da hukuma da ilimi.

Na biyu marasa ƙafa, irin su Futura na 1927, Helvetica da aka yi a Suwizalan a 1957, da Arial na 1982. Su ne na bankuna da kamfanonin waya da allunan hanya. Suna nuna tsabta da zamani, kuma ba sa cika nuna ɓangare. Na uku masu kwaikwayon rubutun hannu, waɗanda haruffansu ke riƙe da juna. Na biki ne da kusanci, ba sa jure ƙanƙanta, ba sa jure nisa. Na huɗu na ado da kanu, kamar Impact da Old English da duk waɗanda aka yi don kalma biyu ko uku kawai.

Akwai wani ƙaramin kashi da kowane harafi ke cin wuri daidai da ɗan'uwansa, irin Courier. Yana tuna wa mutum tafireta da rasit. Bai cika amfani a talla ba.

Ma'anar a jikin harafin take, ko sabo ne kawai?

Kaɗan a jikinsa take: mai kauri yana da ƙarfi a ido, siriri yana da laushi, ko'ina aka je. Sauran duk sabo ne, kuma sabo yana canzawa da wuri da zamani. Harafin nan mai ƙayoyi da muke kira Old English, irinsa Gutenberg, wanda ya ƙirƙiro injin buga littafi a Turai, ya buga Littafi Mai Tsarki da shi a birnin Mainz na Jamus wajen 1455, kuma a lokacin irinsa ne harafin karatu na kowa a can. Jamus ta ci gaba da amfani da danginsa har 1941. Yau a wurinmu ya zama na takardar shaida da sunan jarida da allon majami'a. Comic Sans kuma Vincent Connare ya zana shi a Microsoft a 1994 don maganar 'yan zanen barkwanci. Da masana a cibiyar binciken kimiyya ta CERN da ke Turai suka sanar da babban bincikensu a 2012 da wannan harafi, sai da ya zama abin zolaya a duniya, ba don binciken yana da aibu ba.

A Jos wannan batu yana da nauyi fiye da wasu garuruwa, domin Hausa ce yaren kasuwa da masallaci da coci baki ɗaya. Harafin boko da aka lanƙwasa ya yi kama da Larabci, da ganin sa an san walimar saukar Alƙur'ani ce, ko Islamiyya, ko kamfanin jigilar alhazai. Old English kuma da ganin sa zuciya ta tafi majami'a ko makarantar mishan. Babu laifi a ko wanne idan taron na masu shi ne. Amma sanarwar da ake so kowa ya ji tasa ce, kamar rigakafin yara, taron 'yan kasuwar Terminus, ko zaman sulhu na unguwa, a sa mata harafi marar ƙafa, marar ado. In ba haka ba, rabin waɗanda aka gayyata za su ɗauka ba da su ake ba, alhali babu kalma ɗaya da ta ware su.

Me ya sa ɓ, ɗ da ƙ suke fitowa daban da sauran haruffa, ko su zama akwati?

Domin salon da ka zaɓa ba shi da su. Kowane fayil na harafi yana ɗauke da adadin siffofin da mai zanen ya zana, kuma yawancin masu zanen sun tsaya ne a kan harsunan Turai. Idan ka buga ƙ a salon da ba shi da ita, abu biyu ne ke faruwa. Ko manhajar ta nuna akwati ko gurbi, ko ta aro ƙ daga wani salon ta cusa a tsakiyar kalmar ba tare da ta gaya maka ba. Na biyun ya fi haɗari, don a fuskar kwamfuta ba lallai ka lura ba. Sai an buga bana, wato ƙyallen talla, mai faɗin mita uku ake ganin ƙ siririya tsaye tsakanin haruffa masu kauri, ko ta fi su tsawo, ko ta nutse ƙasa da layi.

Mafi yawan mutane sai su gudu daga matsalar, su cire ƙugiyar gaba ɗaya. Nan ne ma'ana ke zubewa. "Muna maraba da manyan baki" ba ita ce "manyan baƙi" ba, kuma "ci gaban kasa" a fostar ɗan takara abin dariya ne ga wanda ya iya karatu. Gaskiya ne mai karatu yakan gane daga sauran jimlar, amma yana kuma gane cewa mai aikin bai damu ba. Ga makaranta ko mawallafi wannan zubar da daraja ne.

Akwai kuma tsofaffin fayiloli. Kafin tsarin Yunikod, wanda ya ba kowane harafi lambarsa ta bai ɗaya a kwamfuta, ya yaɗu, an yi haruffan Hausa na musamman, irin su Rabiat da Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar a shekarun 1990, waɗanda suka ɗora masu ƙugiya a kan wasu maɓallai. Sun yi aiki sosai a lokacinsu. Amma idan aka buɗe irin wannan fayil a kwamfutar da ba ta da harafin, sai ka ga }asa a maimakon ƙasa, ko ]aya a maimakon ɗaya, ko kuma q da x da v a maimakon ƙ da ɗ da ɓ. Gyaran shi ne a bi da "nemo ka musanya" a mayar da kowace alama zuwa harafinta na Yunikod, manya daban, ƙanana daban, kafin a fara tsara shafi.

To waɗanne ne ke da ƙugiya, kuma yaya zan tabbatar?

Waɗanda aka tabbatar: dangin Noto na Google, masu ƙafa da marasa ƙafa, Charis, Gentium, Doulos da Andika na SIL, ƙungiyar nazarin harsuna, DejaVu, da Arial, Times New Roman da Tahoma da ke zuwa cikin sabbin Windows. Andika an yi shi ne musamman don masu koyon karatu, ya dace da littafin firamare da na yaƙi da jahilci.

Kada ka dogara da suna kawai, don tsohon bugu na salo ɗaya yana iya rasa abin da sabon ke da shi. Buga wannan layi: Ɓ ɓ Ɗ ɗ Ƙ ƙ ₦. Ƙara girmansa zuwa lamba 72. Duba shi a siriri, a mai kauri, da a karkatacce, domin wani salon yana da ƙugiya a ɗaya babu a sauran. Kwatanta ƙ da k, ɗ da d: kaurin zanen ya zama ɗaya, gindinsu a layi ɗaya. Alamar naira tana cikin gwajin ne saboda ita ma tana yawan ɓacewa a jerin farashi. Idan aikin zai je Nijar, ƙara Ƴ da ƴ.

Yaya ake buga su? Ko in zana ƙugiyar da hannu?

A waya, ƙara Hausa a allon rubutu na Gboard. A kwamfuta akwai manhajar Keyman. A cikin Word kuma kana iya buga lambar harafin ka danna Alt da X: 0199 don ƙ, 0257 don ɗ, 0253 don ɓ, sai 0198, 018A da 0181 don manyansu. Idan harafin da ya gabaci lambar yana tsakanin a da f, kamar a kalmar baƙi, Word zai haɗa shi da lambar ya rikice. Sai ka haskaka lambar kaɗai kafin ka danna.

Zana ƙugiya da hannu ya halatta a tambari ko kanu mai kalma biyu, inda mai shi ya nace da salon da ba shi da ita. A yanko lanƙwasar daga saman f na salon, don kaurin ya zo ɗaya. A rubutu mai tsawo kuwa kada a fara, domin gyara ɗaya zai wargaza komai. Game da 'y, Word yakan juya waƙafin saman ta baibai idan ya zo a farkon kalma, kamar a 'ya'ya. A duba su ɗaya bayan ɗaya, su fuskanci gefe guda.

Wane girma ya kamata harafin allon shago ko bana ya kai?

Ƙa'idar masu alluna ita ce inci ɗaya na tsayin harafi ga kowace ƙafa goma ta nisa, wato kusan santimita 2.5 ga kowace mita 3. Idan kana so a karanta sunan shagonka daga tsallaken titi mai nisan mita 15, harafin ya kai santimita 12 zuwa 13. Daga mita 30, santimita 25. Wannan na sunan ne. Lambar waya da jerin kaya na wanda ya matso ne, suna iya zama kashi ɗaya cikin uku na wancan.

Mai tafiya a mota a titin Ahmadu Bello daƙiƙu kaɗan gare shi, don haka kalma shida ko bakwai ne iyakar abin da zai kwasa. Zaɓi marar ƙafa mai matsakaicin kauri, wanda cikin a da e da o yake a buɗe. Impact yana da ƙarfi kusa, amma daga nesa ramukansa na toshewa, kalmar ta dunƙule. Ba don ado Birtaniya ta sa Jock Kinneir da Margaret Calvert suka zana harafin Transport don allunan hanyoyinta ba, daga ƙarshen shekarun 1950: buɗaɗɗen ciki da wadatar tazara suka nema. Masu rubutun fenti a jikin manyan motocin da ke lodin kayan gwari a Farin Gada sun daɗe da sanin haka, shi ya sa harafinsu ke da kauri da inuwa mai raba shi da bango.

Launi ma yana cikin lissafi. Rana da ruwan Jos suna cin fileks, kuma ja da rawaya sun fi baƙi saurin koɗewa. Siririn jan rubutu a kan shuɗi, wanda tun farko yake wahalar da ido, bayan damina ɗaya sai an matso. Baƙi a kan rawaya ko fari, ko fari a kan shuɗi mai duhu, su ne ke jure hazo da ƙura.

In rubuta komai da manyan baƙaƙe don ya fi fitowa?

A'a, sai dai kalma ɗaya zuwa huɗu. Ƙananan baƙaƙe suna da masu hawa sama da masu sauka ƙasa, wannan ke ba kowace kalma kamanninta. Manya kuwa duk tsayinsu ɗaya, dole ido ya bi su ɗaya-ɗaya. A Hausa akwai ƙarin dalili: ƙugiyar Ɗ da Ɓ tana gefen hagu, ƙarama ce, daga nesa takan ɓace fiye da ta ɗ da ɓ. Idan ka sa manya, ƙara musu 'yar tazara. Kuma kada a taɓa jera manyan baƙaƙe na salon rubutun hannu ko Old English, ba sa karantuwa ko kusa.

Katin aure, walima ko takardar jana'iza fa? Ai nan ado ake so.

Ana so, amma a san inda za a ajiye shi. Salon rubutun hannu na sunan ango da amarya ne kawai, kuma kada ya gaza lamba 18. Rana, lokaci, wuri da lambar waya su zo da harafi tsayayye da dattijo zai karanta ba tare da ya kira jikansa ba. A duba alƙaluman salon da kyau: a wasu, 1 da 7 suna kama, 3 da 8 ma haka, kuma kuskuren ƙarfe 1 da ƙarfe 7 ya isa ya raba mutum da ɗaurin aure. Yawancin salon rubutun hannu ba su da ƙugiya, don haka sunayen da ke da ita, irin su Ɗanladi ko Ɗanjuma, a bi shawarar da ke cikin amsar zana ƙugiya.

Ruwan zinare a kan farin kati yana da kyau a hannu, amma yanzu yawancin mutane a WhatsApp za su ga katin, bayan manhajar ta matse hoton. Siraran layuka su ne farkon abin da ke narkewa. Tura wa kanka katin, ka buɗe a ƙaramar waya a cikin rana, kafin ka ce ya yi.

Takardar tsarin jana'iza ko addu'ar tunawa da mamaci tana son natsuwa: salo mai ƙafa, baƙi a kan fari, waƙoƙin da za a rera da lamba 12 ko 13 tunda a tsaye za a karanta su, wani lokaci cikin ƙarancin haske. Harafi mai tsalle-tsalle a nan cin fuska ne ga iyalin, ko da ba a yi nufi ba.

Salo nawa zan haɗa a aiki ɗaya?

Biyu. Ɗaya na kanu, ɗaya na jiki. Na uku sai da dalili, kamar sunan amarya ko tambarin kamfani. Fostar da ke da salo bakwai ba ta nuna gwaninta, tana nuna ba a yanke shawarar abin da ya fi muhimmanci ba. Idan za ka haɗa biyu, su bambanta sosai, mai ƙafa da marar ƙafa. Arial da Helvetica tare, ko Times da Georgia, kamar kuskure suke fitowa don sun yi kusa da juna. Sau da yawa dangi ɗaya ya wadatar: mai kauri a kanu, matsakaici a ƙaramin kanu, siriri a jiki. Ka tambayi kanka abin da mutum zai fara gani, da na biyu, da na uku, sannan girma da kauri su bi wannan jeri.

Littafi, mujalla ko kundin digiri: me ya kamata in kiyaye?

Jikin rubutu lamba 10 zuwa 12, gwargwadon salon, domin lamba 11 ta Georgia ta fi ta Garamond girma a ido. Tazarar layi ta zama kashi 120 zuwa 145 cikin ɗari na girman harafin, wato harafi 11 ya samu tazara 14 ko 15. Hausa tana son ɓangaren sama na wannan ma'auni, don ƙugiyoyi suna cika saman layi. Tsawon layi ya tsaya tsakanin haruffa 45 zuwa 75. In ya wuce, ido yana ɓata wajen komowa farkon layi na gaba.

Idan ka daidaita gefe biyu na rubutu a siririn ginshiƙi, ramuka za su buɗe tsakanin kalmomi, kuma manhajar ba ta san inda ake yanka kalmar Hausa ba. Takan raba ts ko sh ko ƙw gida biyu da ƙa'idar Turanci. Kashe yankan kalma na kai tsaye, ka bar gefen dama a sake, ko ka yanka da hannu a kan gaɓa. Kundin digiri kuwa ba wurin zaɓi ba ne: abin da sashenku ya rubuta a ƙa'idarsa shi za ka bi, galibi Times New Roman lamba 12.

Yaya ake haɗa boko da Larabci ko ajami a shafi ɗaya?

Da farko a san wanda ake rubuta wa. Wanda ya yi karatun allo ya saba da rubutun Warshu, mai kauri, inda fa'un ke da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Rubutun Nasahi na littattafan Gabas yana sa wa fa'un ɗigo ɗaya a sama, ƙaf biyu. Ka ga harafi mai ɗigo ɗaya a sama fa'un ne a wurin wani, ƙaf ne a wurin wani. Sanarwar ajami ga manoma ko almajirai da aka buga da salon Gabas tana iya karantuwa da kuskure, kuma tana yi musu kama da baƙon abu. SIL ta yi salo biyu don wannan: Alkalami, mai bin rubutun hannun Kano, da Harmattan, wanda ya fi sauƙi a ƙaramin girma. Aya ko addu'a da Larabci kuwa Nasahi ya dace da ita, sai dai in masu aikin sun nemi Warshu.

Wajen tsarawa, harafin Larabci yana fitowa ƙarami kusa da boko a lamba ɗaya, don haka a ƙara masa lamba biyu zuwa huɗu, a kuma buɗe tazarar layi saboda wasulla. Babbar matsala ita ce manhajar da ba a saita ta don rubutun dama zuwa hagu ba: takan warware haruffan ta jera su a juye, kowanne shi kaɗai. Wanda bai iya karatun ba ba zai ga komai ba. Kada aya ta tafi injin buga sai malamin da ya iya ya duba ta a takarda, wasali bayan wasali.

Na tsara aiki lafiya, a maɗaba'a ya fito da wani harafi dabam. Me ya faru?

Kwamfutarsu ba ta da salon da ka yi amfani da shi, sai ta musanya da wanda take da shi. Layuka su zame, kalma ta faɗa shafi na gaba, ƙugiyoyi su zama akwati. Magani uku ne. A CorelDRAW, haskaka rubutun ka danna Ctrl da Q ya koma zane. A Illustrator, Ctrl da Shift da O. Ko ka fitar da PDF ka tabbatar an cusa haruffan a ciki. Ko ka kai fayil ɗin harafin tare da aikin, in lasisinsa ya yarda.

Kafin ka mayar da rubutu zane, ajiye kwafi na dabam, domin bayan haka ba a iya gyara ko harafi ɗaya. Littafi mai shafuka da yawa PDF ya fi masa, don mayar da shi zane yana kumbura fayil, yana kuma ɗan ƙara wa ƙananan haruffa kauri. Kuma kada ka tura aikin bugu a matsayin hoto ta WhatsApp. Tura shi a matsayin fayil.

Me ya sa ƙaramin rubutu ke fitowa da inuwa ko ya cushe?

Injin buga mai launi huɗu yana ɗora shuɗi, ja, rawaya da baƙi ɗaya bayan ɗaya. Idan baƙin rubutunka haɗin launukan huɗu ne, kuma faranti ɗaya ya goce ko da kaurin gashi, sai inuwa ta fito a gefen kowane harafi. Ƙaramin rubutu a sa shi baƙi zalla, ɗari bisa ɗari, sauran ukun sifili. Farin rubutu a kan bango mai duhu kuma tawada ce ke malalowa ta cinye shi, musamman a takarda marar sheƙi. Kada ya gaza lamba 8, a sa marar ƙafa mai ɗan kauri. Ƙugiya ce farkon abin da ke toshewa, sai ɗ ta koma d.

Wani abin da ke ɓata aiki shi ne jan harafi ta gefe ko ta tsaye don ya cika wuri. Mai zanen ya auna kaurin layukan tsaye da na kwance. Da ka ja, ma'aunin ya karye, o ta zama ƙwai. In wuri ya yi kaɗan, nemi matsattsen bugu na salon, ko ka rage kalmomi.

Da gaske ne salon harafi yana iya tona asirin takardar jabu?

Yana iya. Kowane salo yana da shekarar fitowa. A 2017, a binciken kadarorin iyalin Nawaz Sharif, Firayim Ministan Pakistan na lokacin, an gabatar da takarda mai kwanan watan 2006 da aka buga da Calibri, alhali Calibri bai shiga hannun jama'a sosai ba sai da Office 2007 ya fito. Masu bincike suka riƙe wannan a matsayin alamar an ƙirƙiri takardar daga baya. Haka zai kasance da Aptos, wanda Microsoft ta fara maye gurbin Calibri da shi a 2023. Ga mai duba takardar fili ko ta shaidar makaranta, wannan dalilin ƙarin bincike ne, ba hukunci ba, don ana iya sake buga tsohuwar takarda da gaskiya.

Haruffan da nake saukewa kyauta a intanet, zan iya yin aikin kuɗi da su?

Ya danganta da lasisin. Waɗanda ke Google Fonts da na SIL an sake su don kowane irin aiki, har na kasuwanci. Da yawa daga na sauran shafukan kyauta an rubuta cewa don amfanin kai ne kawai, kuma su ne suka fi rasa ƙugiya da alamar naira, wasu ma ko alƙaluma babu. Buɗe ƙaramin fayil ɗin bayani da ke zuwa tare da harafin ka karanta. Idan tambarin kamfani ko na hukuma kake yi, rubuta wa mai aikin sunan salon da inda aka samo shi da irin lasisinsa, ka haɗa da fayilolin da za ka miƙa masa, don wanda zai yi masa kalanda ko rasit baɗi ya ci gaba da salon da aka fara da shi.